GININ ƘAWA MAI HARHAƊAWA: ƘARFINSA NA GA MAHAƊA

(Jawabi ga maƙera da masu walda 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun)



Maganata yau a kan ginin ƙawa ce, irin wanda ake kafawa a fili lokacin bukin nuna fasaha, a kwance shi in an watse, a kai wani gari. Ba a zuba shi gaba ɗaya. Gunduwa-gunduwa ake ƙera shi, siffa ɗaya awo ɗaya, sa'an nan a harhaɗa.

Da farko sai a zaɓi siffa. Ku haɗa sanduna huɗu da ƙusa ku tura, za su karkace. Ku haɗa uku, watau alwatika, ba za su motsa ba. Da wannan hikima Buckminster Fuller ya tsara ƙubbar Amurka a bajekolin Montreal ta ƙasar Kanada a 1967, mai faɗin mita 76. Gobara ta cinye rufinta a 1976, amma ƙarafunan suna nan tsaye.

Na biyu, kowace gunduwa ta zama wadda mutum biyu za su ɗauka, ta kuma shiga bayan mota. El Anatsui, mutumin Gana wanda ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975, da murafun kwalabe yake aiki. Ana daddake su, a ɗinke da wayar tagulla ƙanana-ƙanana, a haɗa su zama kamar ƙaton mayafi mai naɗewa. A 2007 an rataya irinsa a fuskar wani tsohon gini a birnin Venice ta Italiya.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne mahaɗa. A yi walda a maƙera, a fili kuwa noti da sifana kaɗai. A huda ramuka duka da ma'auni guda, gama kuskure kaɗan a gunduwa ɗaya, in ya taru a guda hamsin, ta ƙarshe ba za ta shiga ba. A sa wa kowace lamba, a kafa ginin duka a gida kafin ranar buki.

Sai iska. In gudunta ya ninka biyu, ƙarfin turinta ninkawa huɗu yake yi, kun kuwa san irin hadarin farkon damina a nan Kudu. A bar mata kafofin wucewa, a danne gindi da buhunan yashi ko dunƙulen siminti. Iskar teku kuma gishiri gare ta, saboda haka a shafa fentin hana tsatsa har cikin ramuka.

'Yan'uwa, yara za su hau, tsofaffi za su fake a inuwarsa. Noti ɗaya da aka bari sako-sako yana iya jawo asarar rai, ya kuma ɓata sunan masu sana'a baki ɗaya. Lalle kowa ya bi aikinsa da sifana safe da yamma har a tashi buki.

Allah ya yi wa sana'a albarka.