Zama a Morai ko komawa Kano?

Satin nan ƙanena ya kira ni daga Morai, ya ce, "Yaya, na gama Poli ta Abdu Gusau, Kano zan koma." Na ce to, zo mu yi lissafi.

Kano akwai kasuwa, babu musu. Ka iya gyaran waya? Ga Farm Centre. Kana son harkar atamfa? Ga Kantin Kwari. Kuma, mu faɗi gaskiya, za ka yi barci ba tare da kasa kunne ga ƙarar baburan 'yan bindiga ba. Wannan kaɗai ya isa mutum ya haɗa kaya, ba na ganin laifin kowa.

Amma fa can kuɗin hayar shekara ake biya lokaci guda, ruwa ma a jarka za ka saya. Nan kuwa ga gonar shinkafarmu a Bakolori. Na tambaye shi, in ka tafi wa zai yi noman rani? Baba ya tsufa. Sai ya yi shiru.

Mun tsaya a kan ya je bayan girbi, ya yi wata uku wurin kawunmu a Kurna, ya gani da idonsa.