Sunanka Shi Ne Jarinka: Wayar Hannu da Haƙƙinmu na Sirri

(Jawabin da Sakataren Ƙungiya ya gabatar a taron magidanta da iyalai, Sabo, Ibadan)



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya nuna mana wannan rana, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallama. Mai girma Sarkin Hausawa, Allah Ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah Ya gafarta muku. Shugaban ƙungiya, dattawa, shugabannin kasuwanni, iyayenmu mata da matasanmu, ina yi muku barka da zuwa.

Shugabanni sun umarce ni in yi bayani a kan wayar hannu da haƙƙin da doka ta ba kowannenmu game da sirrinsa. Dalili kuwa shi ne, koke-koken da ake kawowa ƙungiya yanzu sun sauya kama. A da rigimar haya ce da ta rumfar kasuwa, yau kuwa an ƙara da layin da aka rufe, da kuɗin da aka kwashe daga asusu, da mutumin da aka kama saboda lambar wayar da bai taɓa riƙewa ba.

Tun da aka kafa unguwar Sabo a 1916, iyayenmu da kakanninmu da suna suke ciniki. Fatake su kawo shanu su sauka gidan maigida, dillali ya sayar bashi, a loda goro zuwa Arewa, ba takarda ba sa hannu, domin an san wane ɗan wane ne, an kuma san ba ya cin amana. Baƙo ba shi da gona a nan, ba shi da gidan gado, sunansa shi ne jarinsa. To, daga 2001 da wayar salula ta shigo Najeriya, wannan suna ya fara komawa cikin waya. A 2011 aka fara rajistar layi, a 2014 Babban Bankin Najeriya ya kawo lambar BVN, sannan a watan Disamba 2020 gwamnati ta ce dole kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa, wato NIN. Yanzu layinka da asusunka da hotonka da zanen yatsunka duk igiya ɗaya ta ɗaure su. Wanda ya kama bakin igiyar, ya kama ka.

Zan ɗauko maganganu guda biyar da ake yawan faɗa a majalisunmu, mu auna su tare.

Magana ta farko ita ce, "Ni ba ni da abin ɓoyewa." Mutanen kirki ne suka fi faɗin wannan, amma ina tambaya: wa ke barin ƙofar ɗakinsa a buɗe da dare don shi ba ɓarawo ba ne? Wa ke ƙirga kuɗin cinikinsa a tsakiyar tasha? Sirri sutura ce. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Haka kuma a watan Yuni 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, aka kafa mata hukuma mai suna NDPC. Wannan doka ta ce wanda zai karɓi bayananka ya faɗa maka abin da zai yi da su, kana da ikon tambayar abin da ya ajiye a kanka, da neman a gyara kuskure, da janye amincewarka. Abin da ya fi shafarmu mu mazauna kudu shi ne, dokar ta sa ƙabilar mutum da addininsa da lafiyarsa cikin bayanan da ake tsananta kiyayewa. Saboda haka idan wani ya zo da takarda ko da waya yana rubuta sunaye da garin asali da lambar NIN, wai za a raba tallafi, ku tambaye shi cikin ladabi wa ya aiko shi, ina za a kai bayanan, sannan ku sanar da ƙungiya kafin ku ba da komai. Sashe na 41 ya ba mu damar zama a ko'ina cikin Najeriya, sashe na 42 kuma ya hana a nuna mana bambanci saboda asali ko addini. Tambaya ba raina hukuma ba ce.

Magana ta biyu ita ce, "Layi ai layi ne." Da wannan ne yaro zai sauka daga mota ya sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, ko kuma magidanci ya ce, "Kawo in yi maka da NIN ɗina, ai duk ɗaya ne." Jama'a, ba ɗaya ba ne. Hukumar sadarwa ta NCC ta haramta sayar da layi mai rajistar wani. Idan aka yi damfara ko aka nemi kuɗin fansa da layi, sunan da ke kan rajista shi jami'an tsaro za su fara bi. Gaskiya ne sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum a madadin wani, amma idan sunanka ne a kan layin, kai ne wanda ake zargi, sai ka wanke kanka. Haka nan waɗanda ke sayar da lambar NIN ɗinsu don 'yan kuɗin da ba za su kai kwana biyu ba, su sani da ita ake buɗe asusun da kuɗin sata ke ratsawa. Ina kuma jan hankalin 'yan ci-rani masu komawa gida noma da damina: layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani na da ikon sake sayar da lambar ga wani. Idan da wannan lamba ka buɗe asusu, saƙon bankinka a hannun baƙo zai riƙa sauka. Wanda ya sauya layi ya je banki ya sauya lambar da ke kan asusunsa.

Magana ta uku ita ce, "Yaro ya fi ni sanin waya, shi ke yi mini komai." Babu laifi ɗa ya taimaki mahaifinsa, amma lambar sirri ta mutum ɗaya ce. Kada a rubuta ta a bayan katin cirar kuɗi, kada a faɗa wa mai POS ya danna, ka karɓi na'urar ka danna da hannunka, ka duba adadin da aka rubuta. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrinsa ko lambar da ya turo masa ta saƙo. Duk wanda ya kira ya nemi wannan, ko da ya faɗi cikakken sunanka, ko da da Hausa ya yi maka magana ya ce shi ɗan garinku ne, kashe wayar. Haka ake ƙwace WhatsApp: a ce za a sa ka cikin taron wata ƙungiya, karanto lambobi shida da suka shigo wayarka. Kana karantawa an ɗauke, sai a shiga roƙon 'yan'uwanka kuɗi da sunanka da hotonka. A cikin WhatsApp akwai wurin sa makulli na biyu, matasa su taimaka wa iyaye su sa shi yau kafin a watse. Wasu dattawa sun ce su sun huta, ƙaramar waya mai tocila suke riƙewa. Lallai ta rage wasu fitinu, sai dai ɓarawon waya layin yake nema, domin da shi ake tura kuɗi ko babu intanet. A sa wa layin kansa lambar kullewa, idan kuma waya ta ɓata, a fara rufe asusu da layi kafin a shiga cigiya. Iyayenmu mata, kuɗin adashe da na sana'a da ke cikin asusunku naku ne, ku riƙe lambarku. Ni da kaina a ajin yaƙi da jahilci na koyi boko da girmana, don haka ina shaida muku cewa koyon karanta lambobi da saƙon banki bai fi ƙarfin kowa ba.

Magana ta huɗu ita ce, "Bashin waya ya fi sauƙi, ba jingina ba shaida." Akwai jingina, ba a dai faɗa maka ba. Lokacin da ka sauke manhajar bashi ka danna amincewa ba tare da karantawa ba, ka ba ta izinin ɗaukar sunayen duk mutanen da ke cikin wayarka. Ranar da ka makara da biya, sai surukinka da limaminku da abokan cinikinka su sami saƙo wai kai ɗan damfara ne. Wannan cin mutunci ya saɓa wa doka. A watan Maris 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu ba da irin wannan bashi a Legas, a 2023 kuma kamfanin Google ya hana manhajojin bashi da ke shagonsa shiga hotuna da lambobin mutane. Duk da haka akwai masu turo manhaja ta bayan fage. Ban da batun riba, wanda malamanmu sun sha yi mana bayani, mu tuna cewa sunan da aka gina a shekara 30 a kasuwar Bodija yana iya zubewa a yini ɗaya saboda bashin da bai kai kuɗin buhun wake ba.

Magana ta biyar ita ce, "Wa zai iya da su? Talaka sai haƙuri." A watan Yuli 2024 hukumar FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 saboda yadda ya yi da bayanan 'yan Najeriya, kotun musamman kuma ta tabbatar da hukuncin a watan Afrilu 2025. Ashe dai ana iyawa. Mu ma muna da ƙofofin da za mu ƙwanƙwasa. Idan matsalar layi ce, a fara kai ƙara ga kamfanin, a karɓi lambar shaidar ƙorafi, in bai gyara ba a kira NCC a 622 kyauta. Mai son a daina damunsa da saƙon talla ya tura STOP zuwa 2442. Idan ta banki ce, a rubuta wa bankin a riƙe kwafi, in ya ƙi a kai sashen kare masu hulɗa na Babban Banki. Idan bayananka aka yi wasa da su, NDPC na karɓar koke. Game da masu tsayar da yaranmu a hanya su ce buɗe waya, a watan Oktoba 2020 Sufeto Janar na 'Yan Sanda ya ba da umarnin a daina binciken wayoyin mutane barkatai. Amma ina roƙon matasa, kada a yi ja-in-ja da mai bindiga a bakin titi. A lura da wuri da lokaci da lambar mota, a kawo wa ƙungiya, mu bi ta hanyar da ta dace.

Kafin in zauna, haƙƙi yana tafe da nauyi. Yadda ba ma son a taɓa sirrinmu, haka bai halatta mu taɓa na wani ba. Suratul Hujurati ta hana mu bin diddigin asirin juna, ta kuma umarce mu da tantance labari kafin mu ɗauka. Mu da muka ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairu 2021 mun san tsadar zaman lafiya. Kada a tura muryar da ba a san mai ita ba, kada a yaɗa hoton gawa ko na matar wani ko na 'yar wani, kada a ɗauki maganar mutum a ɓoye. Magana zarar bunu ce, a waya kuwa ta fi haka, domin tana isa Kano da Sakkwato kafin ka ajiye wayar.

Duk mai buƙatar a rubuta masa takardar koke, ko a karanta masa saƙon da bai gane ba, ya samu sakatare ko wakilin unguwarsu, ba a biyan ko kwabo, kuma ba za mu tambaye ku lambar sirri ba. Kowane magidanci ya zauna da iyalinsa daren yau ya binciki sunan wa ke kan kowane layi a gidan.

Allah Ya tsare mana mutuncinmu da dukiyarmu, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.