Gwiwar Tsohon Soja a Gaban Likita

Yau Amurka muka nufa, wurin tsofaffin sojojin da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan da ciwo a jiki da zuciya.

Ma'aikatar kula da su, wato VA, da kaso take auna nakasa, daga sifili zuwa ɗari, kuma kason ne ke yanke kuɗin wata. In gwiwa ce, likita zai ɗora mata ma'auni ya ga iya lanƙwasuwarta. In ta tsaya a digiri 45, a rubuta kashi 10. To amma gwiwar da ta yi biyayya da hantsi a ɗakin gwaji, ita ce ke kumbura da dare, har sai an riƙe mutum kafin ya hau bene. Tun 1995, a shari'ar DeLuca, kotu ta ce dole a lissafa da zafin ciwo da lokutan tashinsa. Rahoton da ya tsallake wannan bai cika ba.

Ciwon firgicin yaƙi ya fi ban tausayi. An horar da soja ya haɗiye wahala, sai likita ya tambaye shi ya ce lafiya lau, alhali rabonsa da barcin kirki ya daɗe. A nan shaidar matarsa a rubuce take da nauyi.

In soja bai gamsu da kason da aka ba shi ba, tun Fabrairun 2019 hanyoyin ƙorafi uku ne: kawo sabuwar hujja, neman babban jami'i ya sake dubawa, ko zuwa gaban kwamitin ɗaukaka ƙara. Wanda ya bari shekara guda ta wuce bayan an yanke masa kaso, yana iya rasa kuɗin baya.