Kishin Gida da Kishin Ƙasa: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai

Shugaban taro, malamanmu masu daraja, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai.

Sau da yawa akan tambayi namu da ke zaune Jidda ko Landan: kai Bakano ne ko ɗan Nijeriya? Ni dai amsata tana cikin ruwan Tiga. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar, aka kammala ta a 1974. Ruwanta ke shayar da gonakin Kadawa, Kura da Bunkure, ya gangara Haɗeja har Yobe. Tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan kuwa, a Legas ake miya da shi. Da tsutsa ta cinye gonakin a 2016, ai har can aka ji a jika. Ashe mai gyara gida, ƙasa yake gyarawa.

Don haka, 'yan uwa na nesa, aiken kuɗin Sallah kaɗai bai isa ba. Ciyawar kacala da yashi na toshe magudanan ruwa. Mu haɗa gudummawa a yashe su, mu tallafa wa ƙungiyoyin manoman rani, mu riƙa rubuta wa wakilanmu da Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are takarda, kowa ya sa hannu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.