Ilmi da Sanadinsa: Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Ilmin Kwamfuta

 

Tun daga 1950, lokacin da Alan Turing na Ingila ya tambaya ko na'ura tana iya tunani, zuwa Nuwamba 2022 da ChatGPT ta shiga hannun jama'a, har 2024 da aka ba Demis Hassabis da John Jumper lambar Nobel saboda manhajar da ke gano siffar furotin, abin da zai sauƙaƙa wa masu neman magunguna aiki, ƙirƙirarriyar basira ta yi tafiyar da babu mai adalcin da zai musanta fa'idarta.

Amma ya kamata mu san haƙiƙarta. Manhajar da ke amsa tambayoyinmu, tarin rubuce-rubucen mutane aka ɗura mata, har ta ƙware wajen kintatar kalmar da ta dace ta biyo bayan 'yar'uwarta. Don haka ne takan zuba ƙarya da fasahar da take faɗin gaskiya da ita, ba tare da ta ji kunya ko tsoron hisabi ba. Magabatanmu kuwa, irin su Muhammad al-Katsinawi, masanin hisabi wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, a gaban malami suka durƙusa suka karɓi ilmi, shi kuma daga malaminsa, ta yadda kowace mas'ala tana da wanda za a tambaya idan ta ɓaci.

To, ya ku 'ya'yana, takardar shaidar da za a miƙa muku ijaza ce, ijaza kuwa amana ce. Ranar da na'ura za ta taya likita duba majinyaci, ko ta taya alƙali nazarin hujja, wajibi ne a sami mutum mai suna da asali wanda zai tantance, ya sa hannu, ya ɗauki alhakin hukuncin, domin wanda aka zalunta ya san ƙofar da zai kai kukansa. Ku ne waɗannan mutane, kuma da irin riƙon da kuka yi wa wannan amana ne makomar al'umma za ta gyaru ko ta lalace.

Allah ya sa albarka a ilminku, Ya ba ku ikon aiki da shi bisa gaskiya.