Jawabi kan cajin keken lantarki a gida

Yaranmu da yawa a nan Landan da keken lantarki suke kai abinci. Su dawo a gajiye, su jona batir a soket ɗin bakin ƙofa, su kwanta. Ni ma ɗana haka yake yi, har daren da na taɓa filogin na ji shi kamar dutsen guga.

A 2023 'yan kwana-kwanan Landan sun je gobarar keken lantarki 143, ta sikuta 36, mutum uku suka rasu. Don Allah kada a yi caji ana barci, kada a jona ta wayar ƙari. Kuma a janye keken daga bakin ƙofa, domin idan batirin ya kama, ta nan za ku fita.