Waɗanda Suka Riƙe Gida

 

Kullum in an taru, labarin hanya muke yi: duwan, kamiyo, canjin sefa da naira. Yau mu 'yan Tanut muna so a tuna da gida.

Muna yara, mahaifi kan tafi Kano ko Agadas ya yi wata biyu, wani lokaci uku. Babu waya. Saƙo sai a kaset, direba ya kawo, a ari rediyon maƙwabta, gida duka a zauna a ji muryarsa. Wani kaset ɗin sai an juya shi har ya shaƙe.

Uwa ce ke auna hatsin rumbu tiya-tiya. Ita ke tura mu rijiya tun duhu, ta dama furar sayarwa, ta sallami almajiri, kuma ba ta taɓa bari mu gane cewa rumbu ya yi ƙasa ba. Yayyenmu sun ba mu labarin 1984, shekarar da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, har aka sa wa yunwar suna El Buhari. Mata da yawa sun sayar da kwanonin aurensu.

A 2019 an sake rufe iyaka, mun ga mambobinmu sun maƙale da kaya, iyalansu ba cefane. Littafin asusun iyali yana hannunmu, kuma gaskiya bashin kuɗin wata ya taru. Don Allah kafin a watse, kowa ya biyo ta teburinmu.